Kibiyar da Na Zana a Dutsen Mashigi

Dei-Dei, Abuja
Alhamis, da hantsi

Zuwa ga Nazeefa, sanyin idanuna, inuwar ɗorawa ga wanda ya yini yana taka feda, ruwan tulun Ushafa a maƙogwaron mai ƙishi, ke da nake jin ƙararrawar kekenki ko a tsakiyar rugugin tirelolin Dei-Dei!

Amincin Allah ya tabbata gare ki, ya lulluɓe ki a gida da ofis da kan hanya, musamman kan hanya.

Na san kin gane rubutuna tun daga bayan ambulan, na kuma san hannunki ya riga ya nufi kwandon shara. Dakata, don girman Allah! Ba ban haƙuri na zo yi ba, ko da yake ina da shi cike da baki. Mako shida ke nan da kika toshe lambata, ban yi ƙorafi ba, don ni na jawo. Abin da ya sa na roƙi Janet ta ofishinku ta ajiye miki wannan takarda a kan tebur daban ne. Jibi Asabar za ki ja mata tara na ƙungiyarmu ta masu keke, har da ita Janet ɗin, ku bi hanyar kwarin Yangoji, hanyar da na auna da kaina, na sa mata alamomi da hannuna. A cikin alamomin nan akwai guda ɗaya da za ta iya kashe ki.

Kin tuna ranar da muka buɗe hanyar, a watan Fabrairu? Wayyo wannan rana! Kilomita ashirin da bakwai babu mota ko ɗaya, babu hon, babu ɗan acaɓa mai yanko mutum, sai kukan kurciya da ƙarar sarƙar keke. Muka bi ta tsakanin kunyoyin doya, muka wuce matan Gbagyi da itace a kafaɗa suna yi mana sannu, yara na bin mu da ihu. Kina gabana, gefen mayafinki ya zubo ta ƙarƙashin hular kwano yana kaɗawa, ni kuwa na manta da birki har na kusa faɗawa gonar rogon mutane. Da muka gangara mashigin kogi, ruwan bai wuce idon sawu ba. Kika saɓa kekenki a kafaɗa kamar yadda kika ga matan can suna yi da itace, kika tsallaka kina dariya, kina cewa ashe duk girman Abuja a nan aka ɓoye numfashi. A ranar na san cewa idan ban aure ki ba, to na yi asarar zuwa duniya.

A ranar ce kuma na tafka wautar. Akwai wani baƙin dutse a tsakiyar mashigin, dogo, mai faffaɗar fuska. Na dube shi da idon ma'aikacin safiyo, na ce ga allo Allah ya ba ni. Na hau can samansa da gwangwanin fenti na zana ƙatuwar kibiya ruwan ɗorawa mai nuna tsallake, don duk wanda ya gangaro ya gan ta daga nesa. Ke ma kin yaba, kika ce ta fi duk sauran kyau. Ban lura da wani tsohon zane da aka sassaƙa a gindin dutsen ba, daidai gwiwar mutum. Ban tambayi kowa ba. Mai digiri a taswira, ina ruwansa da tambayar manomi?

Jiya Laraba na ɗauki hutun yini na koma, don tun da marka ta kama zuciyata ta ƙi kwanciya. Nazeefa, kogin da kika sani ya tafi, wani ne ya zo a madadinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ya ruri, ba ya kumfa. Ya kwanta lumui, ja-ja, kamar kunun da aka bari ya huce. Kibiyata kuwa tana nan a sama ƙyal, ruwa bai taɓa ta ba, tana ce wa duk mai zuwa bismillah. Na tuɓe takalmi na shiga da burushin ƙarfe don in kankare ta. Taku uku na yi, yashin ya zame daga ƙarƙashina, ruwa ya kai mini ƙirji, ya fara tafiya da ni a hankali ba tare da ko ƙara ba. Wani manomi mai suna Thaddeus, wanda gonarsa ke bakin gaɓar, shi ya miƙo mini gora ya fizgo ni. Da na gama tari ya ce mini, "Oga, kai ne ya yi fenti nan? Mu ba ya duba sama, mu duba ƙasa. In layi na gindi ya shiga ruwa, ko saniya ba ya wuce." Tun kakanninsu da wannan zane suke auna kogin, kuma yau mako uku ke nan rabon da a gan shi. Su sun sani, ba su bukatar gani. Baƙo ne zai zo ya ɗaga kai ya bi fenti.

To ga inda na ƙulle kaina. Wace kalma zan faɗa ki yarda? A watan Yuni, lokacin da aiki ya kai ni Lokoja, kin shirya zagayen tuddan Ushafa ba tare da ni ba, na ce miki ruwa ya cinye hanyar. Ƙarya na yi. Kishi ne kawai da tsoro, ban so ki ji daɗin wata hanya ba ni a bayanki. Kika fasa, washegari kika ga hotunan waɗanda suka je, hanya garau, ko taɓo babu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko kwana biyu bai yi ba. Ba ki yi ihu ba. Cewa kika yi daga ranar ko na ce miki rana ta fito sai kin leƙa taga. Ban ga laifinki ba, wallahi. Yanzu ga shi na dawo da magana iri ɗaya sak, ruwa ya cinye hanya, daga bakin da ya riga ya ɓata ta. Na aika Janet da saƙon baki jiya da la'asar, ta dawo ta ce mini, "Oga Abdul, ta yi dariya fa, ta ce a gaishe ka da ƙoƙari." Na ɗauki hoto, amma me hoto zai nuna? Ruwa kwance da kibiya mai kyau. Hoton ma bayan ƙaryata yake bi.

Ya rabin raina, ya ke wadda fushinta ya fi mini murmushin kowa! Tun jiya ban taɓa tuwo ba. Da safen nan na sa hannu a takardar ofis a gurbin da ba nawa ba, har oganmu ya tambaye ni ko zazzaɓi nake. In na rufe ido sai in gan ki kin gangaro, kin saɓa keken a kafaɗa, kin waiwaya kina ce wa sauran su biyo ki, don ke ce jagora kuma kin taɓa tsallakawa. Keke a kafaɗa, takalmi a ƙafa, doguwar riga ta sha ruwa! Wa zai miƙo miki gora? Ina Janet da ko a kwamin wanka ba ta iya iyo ba? Me zan ce wa Hajiyarku, wadda ta amince ta bar ki kina hawan keke don na rantse mata cewa hanyoyin da nake zaɓa babu abin da zai taɓa ki a kansu?

Ba na ce ki fasa ba. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Ki je, ki ja su, kin fi ni iya jagora, kin fi ni haƙuri da wadda tayarta ta yi faci. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Idan kun wuce gonar ayaba kun iso babbar ɗorawar nan da ke kan gangara, ki tsaya. Kada ki yarda da ni, kada ki yarda da fentina. Bukkar Thaddeus tana hannun dama, ki tambaye shi ko matarsa, ko duk wanda kika gani da fartanya. Ki nemi zanen gindin dutsen da idonki, idan ba ki gan shi ba, ki juya hagu ki bi gaɓar. Kilomita huɗu ne zuwa gadar katako da ke bayan makarantar firamare. Na bi ta jiya da jiƙaƙƙen wando, babu mota a can ma, kuma akwai wani wuri da gauraka ke sauka wanda na san za ki so.

Na yi niyyar in riga ku zuwa, in tsaya a bakin mashigin in tare hanya da jikina. Har na gyara keken, na duba iskar taya. Sai na zauna na tuna wace ce ke. Idan kika gangaro kika tarar da ni tsaye na buɗe hannuwa ina cewa kada ki wuce, a gaban mata tara da suke kallon ki, wallahi za ki shiga ruwan nan ko don ki nuna mini. Taurin kan nan naki da na fi so a duniya, shi nake tsoro yau. Saboda haka ba zan zo ba. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba. Zan zauna a ɗaki jibi tun daga asuba, in ajiye waya a kan gwiwa, in bar ki da idonki da hankalinki, waɗanda tun farko ya kamata in amince da su.

Idan kin hau gadar, ba sai kin buɗe lambata ba. Ki ce wa Janet ta kira sau ɗaya ta katse, ya ishe ni. Bayan haka in kin ga dama kada ki sake yi mini magana har abada, ki auri wanda bai taɓa yi miki ƙarya ba, zan zo ɗaurin auren in tsaya a sahun baya in ce amin da ƙarfi. Na yarda in rasa ki kina numfashi.

Naki jiya, naki jibi ko wayar ta yi ƙara ko ba ta yi ba, naki har ranar da za a saɓa ni a kafaɗa,

Abdulmajeed