Kwanon da ya dawo da dakuwa

Gaisuwa gare ku 'yan'uwa na wannan zaure na email. Admin a ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, abin ya fara hana ni sukuni.

Ni nurse ce, a unguwar Highbridge ta Bronx, nan Amurka, muke zaune da maigidana da 'yarmu, bari in kira ta Ladi, shekararta goma sha shida. Tun bara ta kamu da son wani comic na Japan, irin wanda ake buɗewa ta baya kamar littafin Larabci, ga kuma kaset na cartoon ɗinsa da take arowa wurin ƙawayenta. Na ɗauka shirmen yara ne, 'yan makaranta masu manyan idanu suna ta ihu suna faɗuwa. Sai ga Ladi, wadda ko cokali ba ta ɗagawa sai na yi ta baki, ta fara tashi da asuba tana girki. Kwano biyu take zubawa, na biyun ta ɗaure shi da ɗankwalina mai fure. Na tambaya, ta ce min wai she's hungry. Yunwar da ke neman ɗankwali ban taɓa jin ta ba.

Ranar off ɗina na saka kaset ɗin na zauna. Ashe a can al'adarsu ce, yarinya in tana son yaro sai ta dafa abinci ta jera a akwati, ta ɗaure da ƙyalle ta kai masa saman benen makaranta. Ɗaurin ma irin na Ladi ne sak, ƙulli biyu a sama.

Na zuba ido. Ran Juma'a ina ɗauko kwanon daga jakarta na ji nauyi, na buɗe, an wanke shi tas an zuba dakuwa. Kun san Ba'amurke ba ya haka, namu ne ba sa mayar da kwano fanko. Kuma dakuwar doguwa ce mai yawan citta, a duk Bronx mutum ɗaya na sani ke mulmula ta haka, aminiyata ta coci, wadda ɗanta ke aji ɗaya da Ladi. Matar nan duk Lahadi tana falona tana shan shayina, tana cewa Ladi ta girma. Ke nan ita ke wanke kwanon, ita ke zubawa, ni ce kaɗai doluwa a tsakiya.

Ga inda na tsaya. Baban Ladi ya rantse tun da muka zo ƙasar nan, ranar da ya ji zancen saurayi, filin jirgin JFK zai kai ta, ta ƙarasa makaranta wurin yayarsa a Kaduna, kuma shi ba ya magana biyu. In na faɗa masa na rasa 'yata saura shekara ɗaya ta gama. In na tunkari aminiyar tawa, bakinta ba ya riƙe ruwa, kafin Lahadi mijinta ya ji, mijinta kuwa tare suke tuƙin taxi da nawa. Ladi kuma in na matsa sai ta koma Turanci ta rufe ƙofa.

To wa zan fara tunkara, ko in ci gaba da yin kamar ban gani ba? Ku taimaka da wuri, don jiya baban ya tarar da dakuwar a kicin ya ci biyu, ya ce wannan ai hannun matar abokinsa ne, yaushe ta zo?