Baffa Ya Gane Saniyarka a Tele

Gure, Disamba 1979

Zuwa ga Yaya Boyi, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Kadija da yara. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau. Baffa yana nan da ƙarfinsa, idanun ne dai suke ta raguwa. Dabbobi kuma sun sami ciyawa bana.

Yaya, zancen ɗanka Tanimu ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun da ya gama lakwal, makarantar boko, ya tafi Yamai koyon aikin tele, akwatin nan mai nuna hoto yana motsi. Da damina sun zo da abokan aikinsa rijiyarmu ta wajen Bune, suka ɗauki hoton garken da ya farfaɗo bayan farin da ya kore ka daga gida. To, makon jiya ya dawo da injin wuta da kaset da akwati biyu, babba da ƙarami, don mutane su gani.

Bayan la'asar aka taru a ajin lakwal, har da mutanen Kelle da suka zo cin kasuwa. Jama'a suka ce babban za a kunna. Tanimu ya ce ƙaramin ya fi, ba su saurare shi ba. Da aka kunna, sai ga shanu kamar a cikin hayaƙi, ba ka bambance fara da ja, balle ka ga shaidar gidanmu a cinyarsu. Aka yi ta dariya. Illa mai raƙuma ya ce da ƙarfi wai Tanimu ya kwaso shanun Yamai yana yi mana ƙarya da su. Baffa ya laluba sandarsa zai fita.

Tanimu bai yi fushi ba. Ya tsaya gabansu ya ce hoton tele saƙa ce ta layuka sirara, kuma yawansu ɗaya ne a akwatin biyu. In gilashi ya yi faɗi, layukan sai su buɗe kamar zanen da aka ja, na kusa ba ya ganin komai sai dishi-dishi. Ya ce kuma gilashin babban ya tsufa, baƙinsa ya koma toka, shi ya sa launin shanu ya haɗe. Sai ya sa aka rufe tagogi, ya kunna ƙaramin, ya yi ta murɗa wani maɓalli har baƙi ya zama baƙi, fari ya zama fari. Sannan ya kamo hannun kakansa Baffa ya dawo da shi, ya zaunar da shi a gaba.

Baffa ya daɗe yana kallo. Can sai ya miƙa yatsa ya ce, "Wannan ai ƴar Wule ce, ta Boyi. Ga ƙahon hagu ya karkata irin na uwarta." Ya kira ta yadda yake kiranta a rijiya. Illa da kansa ya matso ya duba shaidar, ya ce lalle namu ne, a yafe masa. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ban san sanda hawaye suka zubo mini ba.

Yanzu ko'ina na bi a kasuwa sai a ce ga gwaggon mai tele. Amma Yaya, da zai koma ya tambaye ni a ɓoye ko har yanzu kana jin haushin ya bar kiwo. Na ce ban sani ba, don ba ka taɓa faɗa mini ba. Don Allah ka rubuta masa da kanka. Duk Gure ta sa masa albarka, taka kaɗai yake jira.

Baffa yana gaishe ka, haka Nene da Bubakar da Zaliha. Ka gai da Kadija da su Isa. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Habsatu