Maganar Jinin Haihuwa da Aka Yanke

Gummi, daren Laraba, cikin watan Sha'aban, 2002

Yau aka sa shirina a rediyo, wanda aka zo asibiti aka ɗauka kan zubar jini bayan haihuwa. Matan gidanmu duk suka taru a ɗakin Inna. Sai na ji muryata tana tsalle. Duk inda na ambaci mahaifa, ko inda jinin ke fitowa, ko zane nawa zai jiƙe kafin a ruga asibiti, an yanke.

Da la'asar na buga wa mai shirin waya. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Tun da kotu ta hukunta wani kan batsa, manya suka ce a tsaftace komai."

Kaina ya ɗaure. Shekara goma ina karɓar haihuwa, ashe batsa nake yi? Amma kuma da Baba na zaune a ɗakin, ni ma da na so a yanke. To wa ke da gaskiya?

Hadiza matar ƙanena ce ta hana ni barci. Cikinta wata takwas. Da aka gama sa shirin ta ce, "Yaya, kin yi magana mai daɗi. Amma wai ciwon mi kika hwaɗi?"