Alamar bik a ƙafar mutumin

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Yau na kai mutumin asibiti a kan kabu-kabu. Ubana ne, Ɗalhatu direba, amma bakina ya ƙi kiransa da sunan uba. Shekara tara yana Tchibarakaten yana jigilar ruwa wa masu haƙar zinariya. Inna ta yi jinya ta rasu, ko waya bai yi ba. Yanzu ga shi ya dawo Arlit da ciwon sukari da gyambo a idon sawu, wai ni ce mai jinya. Ni Sadiya!

Majo Dassin, ma'aikaciyar jinya mai wankin gyambo, ta shafa masa wani mai a bayan ƙafa, ta ɗora wata na'ura kamar 'yar rediyo. Ta daɗe tana lalube kafin muka ji fuu, fuu, can ƙasa-ƙasa. Ta ce jini ne ke tafiya, amma da ƙyar. In ya daina isa, gyambon ba zai rufe ba, ƙafar ma sai a yanke. Ta zana alama da bik, wato biro, a wurin da aka ji bugun.

Talata, 8 ga Oktoba

Aikin da ta ɗora mini kullum safe: in taɓa alamar da yatsa biyu in ji bugu, in ji ɗumin ƙafar da bayan hannu, in danna farcen babban yatsa har ya yi fari in saki in ƙirga. In ja ya dawo bai wuce uku ba, lafiya. In ya wuce, ko ƙafar ta yi sanyi, in kawo shi ranar.

Yau huɗu na ƙirga. Na kai shi, ta ce mu ci gaba da lura. Na wanke hannu sau uku.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ya ce, «Allah ya yi miki albarka, 'yata.» Na yi kamar ban ji ba. Wallahi ƙafar nan na tsane ta. Da ita ya taka mota ya bar mu.

Talata, 15 ga Oktoba

Gwaggo Talatu, yayarsa, ta zo daga Akokan ina kasuwa. Na dawo na tarar ta ƙunsa masa lalle a ƙafar, tun daga yatsu har diddige, gyambon kawai ta bari. Wai zafi ne ya taru, lalle zai zuƙe shi, haka uwarsu ke yi. Na ce Gwaggo, farcen fa nake dubawa! Ta ce, «Ke yarinya, kafin a haifi majonki muke warkar da ƙafa.»

Da aka kwance, farce da yatsu duk sun rine, ja mai duhu. Danna ka ga me?

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ban duba ba. Ai lalle ya rufe komai.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ya ce ƙafar ta daina yi masa zogi, yana murna. Gwaggo sai baza labari take a unguwa. To madalla, su ƙarata.

Talata, 22 ga Oktoba

Ranar wankin gyambo. Majo na kwance ƙyalle ta taɓa ƙafar, fuskarta ta canza. Ta ɗora na'urar, shiru. Ta matsa sama, shiru. Sai kusa da gyambon aka ji ɗan fuu. Ƙananan yatsu biyu sun mutu, baƙinsu ya ɓuya cikin lallen.

Ta ce, «Sadiya, tun yaushe ta yi sanyi haka?» Na ce lalle ne ya hana ni gani. Ta dube ni. «Lalle ya hana ido. Hannunki fa?»

 Mutumin ne ya yi caraf ya ce, «Tana dubawa kullum, majo, ni ne nake hana ta.» Ƙarya yake. Kwana bakwai ban taɓa shi ba, kuma ya sani.

Gobe sai babban asibitin Agadas.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Mun dawo. Yatsu biyu sun tafi, ƙafar tana nan, likitoci sun ce za ta tsira in jini ya ci gaba da isa. Gwaggo ta zo tana kuka, na bar ta ta yi. Kowa ita yake zagi, ni kuwa ana yi mini sannu da ƙoƙari. Sannun nan ta fi zagin ciwo.

Har yanzu ina jin haushinsa. Inna ba ta samu wanda zai yi ƙarya dominta ba.

Talata, 19 ga Nuwamba

Alamar majo ta goge da alwala, na sake zana ta da bik ɗina. Farcen ya fara tsiro, ɗan fari siriri a ƙasan lallen, a nan nake dannawa. Yau uku. Na sake, uku dai. Bugun ma na ji shi, kuma ƙafar da ɗumi.

Ba wani abu ba ne, aiki ne aka sa ni. Na dai daɗe ban ɗauke hannun ba, har Baba ya ce ko lafiya.