Titin da 'Yata ta Ƙi Gyarawa

Malama, ina neman shawararki a kan al'amarin da ya fi ƙarfin karatuna.

Shekara talatin na koyar a jami'a, kuma ban saba kai kuka ba. Wata huɗu ke nan da Allah ya karɓi ran babbar 'yata, shugabar sashen da ke raba kuɗin ayyukan sufuri na gwamnati. Ba ta sa hannu a kan aiki sai ta je da ƙafarta. Takan ajiye motar ofis ta hau bas, don ta ji abin da fasinjoji ke faɗa. Ta jera ayyuka bisa yawan masu bin hanya da yawan haɗurra, kuma ba wanda ya taɓa tsallake layi, ko da wasiƙar wa ya zo.

Har ni. Titin gidanmu shi ne na arba'in da ɗaya a jerin. Da damina a bakin kwalta take barin mota, ta tattare zani ta ratso taɓo. Sau ɗaya na yi mata magana. Ta durƙusa ta ba ni haƙuri. Kwana uku ina amsa gaisuwarta a daƙile. Yau ba abin da nake alfahari da shi kamar wannan.

Yanzu ma'aikatarsu tana so ta shimfiɗa wa titin kwalta, ta sa masa sunanta, idan na amince. Mahaifiyarta ta yi murna, maƙwabta ma. Amma na farko a jerin gada ce ta masu tafiya a ƙasa, gaban wata firamare. Ya zan yi?

Mahaifin Darakta

Baba, Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri.

Kada a ga laifin Mama. Ba kwalta take nema ba, so take sunan 'yarta ya tsaya inda ido zai gani. Maƙwabta kuwa sun daɗe cikin taɓo. Sai dai in aka tsallake ayyuka arba'in da sunanta, an rushe abin da ta gina.

Ka fara da Mama kafin ma'aikata. Ka kai ta bakin makarantar lokacin tashi, ta ga yadda yara ke ratsa motoci. Sannan ka rubuta godiya, ka roƙi a sa sunan a kan gadar, a kuma ci gaba da bin jerin. Maƙwabta ka yi musu bayani da bakinka.

Titinku zai samu kwalta ranar da layi ya zo kansa, kamar yadda ta tsara. Allah ya nuna muku ranar, ya sa aljanna ce makomarta.