Tattabaruna a Filin Wasa

Litinin, 18 ga Maris, 1896

Lambros ya yi min magana. Ni, Froso!

Shekara guda yana haya a ɗakinmu na ƙasa, kullum ya dawo daga sassaƙar fararen duwatsun filin wasa, gashinsa fari fat kamar tsoho, bai taɓa wuce "sannu" ba. Yau ina saman soro ina ba tattabaru tsaba, ya ɗaga kai ya ce, "Froso, ki ara min fararen nan biyu mana." Wai ranar da ɗan Girka ya ci tsere a wasannin Olamfik za a saki tattabaru, a ɗaura musu ƙyalle shuɗi da fari. Ya ce har wurin zama zai samo min, kan dutsen da ya sassaƙa da hannunsa.

Kai kawai na gyaɗa. Tsabar ta zube min a takalmi.

Laraba, 20 ga Maris

A littafin da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, a ƙafar tattabara jarumin ya ɗaura wasiƙarsa. Ban ce komai ba dai.

Asabar, 23 ga Maris

Yaya Aspasiya, 'yar kawuna, ta zo daga Firiyas yin Ista. Muna rina ƙwai ja na faɗa mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke bebiya, ashe akwai zuciya a ƙirjin nan?" Ta ce in bar mata, ita za ta riƙa kai masa abinci ta bugi cikinsa, tunda ni in na gan shi harshena naɗewa yake. Ƙyallen ma ita za ta ɗinka, hannunta ya fi nawa.

Allah ya bar min ita.

Litinin, 25 ga Maris

An buɗe wasanni. Birninmu Atina ya cika da baƙi, Kaka ta ce Amurkawan nan ihunsu kamar an taka kare. Ba a saki tattabaruna ba tukuna. Yaya ta ce Lambros ya ce ina da natsuwa. Natsuwa! Na maimaita kalmar har miya ta kama.

Alhamis, 28 ga Maris

Ya karɓi tattabarun a kwando, gobe tseren Maraton. Bai kalle ni ba. Wai wurin zaman bai samu ba, mutane za su yi yawa, yarinya kamata za a tattake ta. Yaya ta ce ita ma gidan ƙawarta za ta wuni.

Ba komai. A sama zan zauna, ai gida za su dawo. In akwai saƙo ni zan fara gani.

Juma'a, 29 ga Maris

Igwa ta tashi da la'asar, sai garin ya ɗauki kuwwa, ɗan Girka ne, ɗan Girka ne! Wani ɗan ƙauye mai kai ruwa, aka ce. Ƙararrawar coci ko'ina. Kaka tana kuka a tsakar gida da ludayi a hannu.

Ba a jima ba na hango su, fari biyu, ƙyalle na binsu. Suka sauka a kafaɗata. Na kwance ƙyallen.

Akwai rubutu. Da jan zare, ɗinki ƙanana ƙanana irin wanda ba mai iya shi a danginmu sai mutum ɗaya. Lambros da Aspasiya. A ƙyalle na biyun ma haka.

Da tattabaruna.

Asabar, 30 ga Maris

Ban ci abinci ba.

Lahadi, 31 ga Maris

Yaya ta hau soro, ita da ba ta taɓa hawa ba saboda kashin tsuntsu. Ta ga ƙyallen a rataye jikin ƙusa, ta yi tsaye.

"Au, dawowa suke yi?"

Abin da ta fara cewa ke nan. Wai sun ɗauka teku za su nufa, su tafi da sunansu can inda ba wanda ya sani. Mutum biyu manya, shekara guda ɗayansu yana kwana a ƙarƙashin ɗakin tattabaru!

"Froso ƙanwata, ba shiryawa na yi ba. Ke ma ai ba ki taɓa ce masa komai ba."

Ke na ce wa, Yaya. A zuci na faɗa. Wurin zaman nawa ta zauna, na tambaya, ta ce e, wai dutsen ma sanyi gare shi. Ta roƙe ni kar Kaka ta ji sai Lambros ya je wurin Kawu.

Talata, 2 ga Afrilu

Ruwa ake yi, an ɗaga rabon kyaututtuka. Na buɗe littafin, jarumin ya cika surutu. Na rufe.

Laraba, 3 ga Afrilu

Da safe Lambros ya tsaya a gindin matakala da kwandonsa, yana sosa ƙeya. Wai yau za a rufe wasanni, ko zan ƙara ara masa, sau ɗaya.

Na ce, "Malam Lambros, kasuwa tana nan bayan coci. Ka sayi waɗanda ba su san gidan nan ba."

Ashe da ƙarfi na faɗa. Kaka ta leƙo daga madafa ta ce, "Wa ke magana haka a gidana?" Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi Yaya da ta sunkuyar da kai kan tsintsiya. Sai ta ce in ɗauko mayafina, tsohuwa ma tana son ganin masu gajeren wando kafin ta mutu.

Mun je. Babu wanda ya tattake ni. Wani ƙato ya tsaya a gabanmu, na taɓa shi na ce ya matsa, ya kuwa matsa.

Har yanzu ina jin ciwon, kar littafin nan da nake rubutu a ciki ya ɗauka na warke. Yunwa ce kawai ta sa na ci burodi biyu a hanya.