Ƙahon da Anka Tono a Ƙofar Baba

Kaura Namoda,
20 ga Nuwamba, 1979.

Zuwa ga ƙanena Saminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Maijidda da yara, kamar yadda muke nan lafiya sai godiyar Allah. Allah shi ƙara maka lafiya da rufin asiri, shi sa albarka a aikin jirgin ƙasa, shi tsare ku daga ruwan Fatakwal da ka ce ba ya ɗaukewa. Yadin da ka aiko na sallah ya iso, Inna ta sa an ɗinka mata, tana ta sa maka albarka. Gero ya yi kyau bana, auduga ce dai ta ɗan gaza. Goggo Fatsuma ta Shinkafi ta samu sauƙi, har ta koma dakan furarta. Mu ma makaranta ana ta shirin jarrabawa, ni da 'yan aji uku sai fama.

To, gyara zama, don a kan karenka Barsu na ɗauki biro. Ranar da za ka tafi na ce maka ka ba Fulani Barsu su tafi da shi, ka ce a'a, wai zai riƙa korar wa Baba birai a gonar hanyar Gurbin Bore. Shekara biyu ke nan, ban ji wanda ya ce ya ga Barsu ya kori ko ƙadangare ba. Amma ya kusa korar Baba Namadi mahauci daga rayuwar mahaifinmu Malam Dikko, mutumin da sunka yi karatun allo tare, shekara hamsin katangarsu ɗaya. Wallahi har yanzu in na tuna sai in yi dariya, in gama kuma gabana ya faɗi.

Ga yadda anka yi. Bayan babbar sallah da kwana biyu Baba ya fito zai tafi masallaci, ya tarar da takalminsa ƙafa ɗaya. Anka duba ko'ina, babu. Hularsa ta Juma'a dama tun watan jiya ta ɓace, ludayin Inna ma haka, ana ta zargin mantuwa irin ta tsufa. Kwana uku bayan takalmin, Inna na sharar zaure da safe sai ta ga ƙasa ta yi laushi a gindin dokin ƙofa, kamar an tona an mayar. Ta sa bakin fartanya. Sai ga ƙahon rago, ga ƙashi, ga tsumma, ga takalmin Baba a kwance a tsakiyarsu. Inna ta ce ihun da ta yi har kajin gidan Liman sun watse. Ka san mutanenmu, ƙaho da takalmin mutum a ƙarƙashin ƙofarsa ba sa bukatar fassara. Nan take Baba ya dafe gwiwa ya ce ashe shi ya sa tun damina take masa ciwo, an ɗauki sawunsa an binne. Gwiwar da ni da kai munka san tun muna yara yake shafa mata man shanu!

Da anka zo kan wa ya yi, sai Baba ya ce a garin nan wa ya fi kowa ƙaho? Kuma da ma sun ɗan yi sa-in-sa da Baba Namadi kafin sallah, kan akuyarsa da ta ci mana ramar bayan gida. Maimakon ya bar abin a cikinsa, sai ya fito bayan la'asar, a ƙofar masallaci, gaban mutane, ya ce wanda ya yi ya san kansa, kuma wuƙa ce sana'arsa. Baba Namadi ya juya ya kama hanya. Ya je gida ya aiko da cewa ranar Juma'a bayan an sauko zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani gaban Maigari, kuma daga ranar da ya rantse ba shi ba Dikko, ko gawarsa kada ya biyo. Inna Ladidi, matarsa, ta daina miƙo ƙwaryar koko ta kan katanga. Saminu, tun da anka haife ni ban taɓa ganin safiyar da ƙwaryar nan ba ta tsallako ba.

Kafin labari ya iso mini nan Kaura, Baba ya riga ya aika Jangeru an zo da wani mutum mai tonon sammu, dogo, da jakar fata da sanda mai ƙararrawa. Inna ta ce yana shigowa ya shaƙi iska ya ce gidan nan a ɗaure yake ta kusurwa huɗu. Ya bi tsakar gida yana caka sanda, duk inda ya ji laushi ya ce a tona. Gindin zogale anka sami ƙashin haƙarƙari. Bayan randa anka sami kofato da guntun tuwo da ya bushe. Abin da ya ƙara tayar wa mutane da hankali shi ne Barsu. Duk ramin da anka taɓa sai ya zo ya tsaya a kai yana gurnani, yana kuka, yana neman cizon fartanya. Mai tono ya ce a duba, ko dabba ta ga abin da ido ba ya gani, aljanin da anka sa gadi ne yake gani. Mata na ta salati. Shi kuwa bawan Allah kuka yake ana kwashe masa ajiyar sallarsa. Mutumin ya ci tuwo, ya ɗauki zakaran Inna ja, ya koma Jangeru. Washegari anka sake ganin sabuwar ƙasa a gindin gwanda, Baba ya ce ka ji, Namadi bai ma daddara ba.

Ranar Laraba na roƙi hedimasta, na shiga motar Zurmi, daga can na bi akori-kura zuwa gida. Na tarar da Baba ya rame, ya tara kayan tono a cikin kwando ya rufe da faifai, wai shaida ce da za a kai gaban Maigari. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba, anya ba a bi abin nan a hankali ba? Kai, ashe da na yi shiru. Ya ce ai ya sani, tun da ya sa ni boko ya san wata rana zan zo in koya masa duniya, in tashi in ba shi wuri. Na tashi. Na leƙa gidan Baba Namadi, Inna Ladidi ta amsa gaisuwata tana kallon tukunya. Na dawo ɗakin Inna na yi kuka, don ni dai ban ga yadda za a yi Juma'ar nan ta wuce lafiya ba.

Alhamis da hantsi ina zaune a inuwar rumbu ina tsince wa Inna wake, gida tsit, Baba yana zaure. Sai ga mutuminka ya taso, yana tafe yana waige kamar sabon ɓarawo. Ya je wurin kwandon shaida, ya sa hanci ya ture faifan, ya ɗauki ƙahon nan a baki. Na ƙame. Ya zagaya bayan rumbu, ya tona da ƙafafun gaba, ya ajiye, ya riƙa tura ƙasa da hanci yana dannawa, har da ja da baya ya duba ko aikin ya yi kyau. Ya dawo da jan hanci ya kwanta kusa da ni, ya lumshe ido. Na ce la'ilaha illallahu, ashe kai ne bokan! Ya kaɗa mini wutsiya.

To, ka san Baba, in na faɗa da bakina cewa zai yi boko ce. Sai na tone ƙahon na mayar kwando, na je na ce masa Inna ta dama fura, ya shigo ya sha a inuwa. Ya shigo yana cin magani, ya zauna. Furar ba ta kai rabi ba Barsu ya tashi ya maimaita karatunsa tiryan-tiryan, wannan karon ma har ya haɗa da takalmin. Baba ya bi shi da ido, ludayi a hannu. Da ya buɗe baki sai ya ce to, wa ya sani ko turo karen anka yi? Inna ce ta fusata. Ta ɗauki fartanya ta ce yau sai ta ga ƙarshen abin nan, ta shiga ƙarƙashin rumbu tana jawowa. Ga tsohon ludayinta. Ga ƙwallon robar jikokin Liman. Ga ƙasusuwa sun fi cikin ƙwarya. Ga silifas ɗinka da ka bari, ya tauna shi ya yi laushi. Can ƙarshe sai ga kuben wuƙar Baba Namadi da takalminsa shi ma, ƙafar hagu. Inna ta ɗaga shi ta ce Malam, wanga kuma kai ka binne masa? Baba ya ajiye furar.

Bai jira Juma'a ba. Ya ɗauki takalmin da kuben, ya fita ba takalmi a ƙafarsa, kuma ka rubuta ka ajiye, ban ga ya ɗingisa ba. Na bi shi na laɓe a bakin zauren Baba Namadi. Baba ya yi sallama ya zauna a ƙasa, ya ajiye kayan, ya faɗi abin da ya gani, ya ce ya zalunce shi, ya yafe masa don Allah. Baba Namadi ya saurare shi har ya gama. Sannan ya tashi ya shiga ciki, ya fito da hular Baba ta Juma'a, a wanke, a ninke. Ya ce tun watan jiya ya tono ta a gindin tashi ƙofar, a naɗe da muƙamuƙin akuya. Ya ce Ladidi ta ce a kai wa Maigari, shi kuwa ya ce mata ko da idonsa ya ga Dikko yana tonon ramin, zai ce wani abu ya faɗi masa yake nema. Ya ce ya wanke ta ya ajiye ne yana neman yadda zai mayar ba tare da ya ba amininsa kunya ba. Saminu, ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Ni ma daga inda nake laɓe sai da na jiƙa mayafina.

Da la'asar Baba ya tsaya a ƙofar masallaci, daidai inda ya yi maganar farko, ya warware ta gaban kowa. Maigari ya ce alhamdu lillahi, ya tambaya ko za a kawo karen ya rantse. Inna ta wanke ludayinta sau bakwai, ta dube shi, ta jefa a murhu. Zakaranta kuwa har yau tana cewa Allah ya isa. Baba ya so a kai Barsu daji a sake shi, Baba Namadi ya hana, ya ce a bar shi, ba shi ne ya yi magana a masallaci ba. Yanzu kowa a gidajen biyu bisa katanga yake ɗora takalmi. Kai kuma, tun da karenka ne, sai ka nemo wa tsofaffin nan takalma masu kyau ka aiko, iri ɗaya, kada ka bambanta.

Ka gaishe mini da Maijidda da kyau, da Ado da 'yar autarku Gimbiya. Maigidana Malam Rufa'i yana gaishe ku, yara ma haka. Inna da Inna Ladidi da Goggo Fatsuma duk suna miƙo gaisuwa. Da zan taho Baba ya rako ni har bakin hanya, ya ce in faɗa maka, daga yau duk takardar da za ka rubuto gida ka fara gaishe da Baba Namadi kafin shi. Na ce to, zan faɗa. Ya ce a'a, in rubuta, don kada ka manta.

Wassalam, ni ce yayarka,
Saliha Dikko.